TAKALMI MAI KYAU TUN DAGA GARKE YA KE FARAWA

Ya ku manoma da dagatai, ku sani alhakin takalmin da baduku ya ke ɗinkawa rabinsa a wuyanku ya ke. Juma'ar da za ta yi kyau tun Laraba a kan gane ta.

Dukanci tsohuwar sana'a ce a ƙasar Hausa. Bature matafiyi Barth, da ya sauka Kano cikin 1851, ya tarar ana kai takalman birnin ƙasashe masu nisa, jajayen fatu kuwa har Tarabulus. Fatar jar akuya ta Sakkwato da Maraɗi ita ce Turawa su ka sa wa suna fatar Maroko, don ta hannun fataken Arewacin Afirka ta ke isa gare su.

Ga yadda aikin ya ke. Majemi ya kan tsoma fata cikin ruwan toka har gashi ya saki, ya kankare, ya jeme ta da bagaruwa, sa'an nan ya shafa mata mai ta yi laushi. A kan rina ta ja da karan dafi, ko baƙi da kuloko. Baduku ya yanka tafin takalmi daga fatar sa, saboda kauri, maɗauri kuwa daga ta akuya, ya ɗinke da basilla.

To, fatar da ta ɓaci a ƙauye, babu majemin da zai iya gyara ta. Saboda haka a kiyaye waɗannan:

1. Kada a yi wa dabba lalas a haƙarƙari ko gadon baya, nan ne tsakiyar fata. In ya zama tilas, a yi a ƙafa.

2. A cire kaska, a yi maganin ƙazuwa da wuri, don tabonsu ba ya ɓacewa.

3. Wajen fiɗa, kada a yi da wuƙa mai tsini. Akuya kuwa a ture fatarta da dunƙulen hannu.

4. A wanke jini, a kankare kitse, a ɗaure fata da igiya tsakanin itatuwa a inuwa, iska ta buga ta ciki da baya. Wadda a ka shimfiɗa ƙasa cikin rana, bayanta ya kan bushe, cikinta ya ruɓe, ba a ganewa sai ta dage a wajen jima.

5. In ta bushe a rataye ta, nesa da gara da laima.

Yau takalman roba sun cika kasuwa, masu cin ganda kuma suna rige majema sayen fatar shanu. In wadda ta rage ta zama mai huji, baduku ya rasa abin yi, mai dabba ya rasa kuɗi. Dagaci ya tara mahautan garinsa, ya karanta musu wannan takarda.