Yaya saurayi ke gane an kira shi ya zama fada a cocin Katolika?

Wani mai bin shirye-shiryenmu daga Kano ya aiko da tambaya: ɗan abokin aikinsa, Kirista, ya ci jarrabawar Bak, ya ce shi ba aure ba aikin gwamnati, fada zai zama, wato "mon père" kamar yadda muke cewa a nan Nijar. Uwar yaron har ta kwanta ciwo. Shin wahayi ake yi musu, ko kuwa ra'ayi ne kawai?

A wajen ƴan Katolika abin sunansa kira, amma ba murya ce ake ji daga sama ba. Yawanci yaro ne da ya saba taimaka wa fada a wurin ibada, sai sha'awar ta zauna masa a zuciya, shekara ta zo ta wuce ba ta gushe ba. To daga nan sai ya faɗa wa fadan cocinsu, a haɗa shi da wani babba da zai riƙa zama da shi yana tambayarsa: don Allah kake so, ko don a ga ka hau mota? Ko talaucin gida kake gudu? Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne, jin da yaron ke yi a ransa bai isa ba. Sai coci ta yarda, kuma bishop ne ke da maganar ƙarshe. Mutum na iya rantsewa an kira shi, a ce masa a'a, koma gida.

Idan an karɓe shi, sai makarantar horar da fadoji, wadda ake kira seminer. Dokar cocin ta ce aƙalla shekara 6 na karatu, 2 na falsafa, 4 na ilimin addini, ban da lokacin share fage da na gwajin aiki a cikin jama'a. Ƴan Nijar galibi Burkina Faso ake tura su, Wagadugu ko Kumi kusa da Bobo, don bishop-bishop na ƙasashen biyu majalisa ɗaya gare su. Ba a naɗa mutum fada sai ya cika shekara 25, kuma sai ya fara zama dikon na aƙalla wata 6. Kafin naɗin dikon ƙofa a buɗe take, wanda ya ga ba zai iya ba sai ya fita ya yi aurensa, ba a ɗauke shi mai laifi ba.

Maganar auren ce ke kwantar da iyaye. Fada na Katolika yana alkawarin zama ba mata har mutuwa, da yi wa bishop biyayya duk inda ya tura shi (fastocin sauran coci-coci su suna aure, kada a haɗa). Ku duba a ƙasarmu, inda uwa ke lissafin jikoki tun yaro na goye, uba kuma ya sayar da bisashe ya biya lakkol da fatan ranar da zai huta. A ce wannan yaron ba zuriya, ba albashin kirki da zai riƙe gida. Ni dai ban ga laifin uwar da ta yi kuka ba.

Su ma kansu ba yawa gare su ba. Ƙidayar 2012 ta nuna kashi 99 cikin 100 na ƴan Nijar Musulmi ne. An kafa mishan ta farko a Yamai a 1931, amma sai a 2013 aka samu ɗan ƙasa na farko da ya zama bishop, Laurent Lompo, Bagurmance daga yankin Makalondi, wanda aka naɗa fada a 1997, Paparoma kuma ya ba shi jagorancin cocin Yamai a 2014. Shekara 82 ke nan. Mu nan Gure, da sauran jahar Damagaram, da Difa, Agadas da Tawa, duk muna cikin yankin bishop na Maraɗi, wanda aka yanke a 2001. Bishop ɗinsa na farko, Ambroise Ouédraogo, ɗan Burkina ne, wanda ya gaje shi kuma, Ignatius Anipu, ɗan Gana. Saboda haka saurayin da ya amsa kira a nan, zai iya samun kansa ɗaruruwan kilomita nesa da iyayensa, yana kula da ƴan tsirarun mabiya, da yawansu ma'aikata da baƙi daga Benin da Togo.

Akwai kuma haɗari, ba sai an ɓoye ba. Mutanen Damagaram ba su manta da 16 ga Janairun 2015 ba, ranar da aka ƙona cocin Katolika na birnin a zanga-zangar Charlie Hebdo, fadoji da masera suka tsere da kayan jikinsu. A Satumban 2018 ƴan bindiga suka sace Fada Pier Luigi Maccalli, ɗan Italiya, a Bomoanga, sai a Oktoban 2020 aka sako shi a Mali. Duk yaron da ke tunanin wannan hanya a Nijar ya san waɗannan labarai.

To malam na Kano, ka gaya wa abokinka, ko yau aka karɓi yaron, da sauran shekara 6 zuwa 8 kafin a ɗora masa hannu, kuma a kowace shekara malamansa za su sake duba ko ya dace.