Baƙin Da Ke Hawa Cabbal Waddi: Me Suke Nema, Mene Ne Rabonka?

Ɗan'uwa makiyayi, da kai ɗan kasuwa mai bin hanyar Gembu zuwa Banyo, wataƙila ka taɓa cin karo da su: mutane da manyan jakunkuna a baya, da sanda a hannu, suna haki a kan dutsen da kai kake hawa kullum da tarkace a ka. Ba su da saniya a can sama, ba su da haja. Kuma kuɗi suka biya aka bar su su sha wannan wahalar! To, a shirinmu na wannan makon mun duba abin da ke kawo su, da abin da ya shafe ka a ciki.

Wurin da suke nufa shi ne gandun dajin Gashaka-Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa a Nijeriya, ya jingina da iyakar Kamaru. Gwamnatin tarayya ce ta kafa shi a 1991, bayan ta haɗe tsofaffin gandayen Gashaka da Gumti. Faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, babu gandun da ya kai shi girma a ƙasar. A cikinsa ne Cabbal Waddi yake, wanda wasu ke kira Gangirwal. Tsayinsa mita 2,419, ya fi kowane dutse a Nijeriya, kuma ƙololuwarsa a kan iyaka take.

Wani baƙon burinsa kawai ya ce ya taka wannan ƙololuwa. Wani tsuntsaye yake kallo. Wani kuma ya zo ne don biri mai ganga, wanda ya yi ƙaranci a duniya amma har yanzu yana nan cikin kurmin Gashaka, ga ɓauna, ga dorina a Mayo Kam. Yawanci da rani suke zuwa, daga Disamba zuwa Maris, lokacin da rafuka suka janye, hanya ta bushe. Sai sun karɓi izini daga hukumar gandun da ke wajen Sarti, a haɗa su da ma'aikacin daji. Masu son gajeriyar hanya kan taso ta Njawai a tudun Mambila, amma ko ta nan ɗin sai an kwana a hanya.

To ina rabonka? Ka ga, baƙon nan bai san inda ruwa yake ba, bai san wace gangara ce ke da santsi ba. Kai ka sani. Yana bukatar ɗan jagora, da 'yan dako, da mai dafa abinci, yana sayen nono da man shanu da zuma da ƙwai. In kana son aikin, ka bi ta hannun ma'aikatan gandun, kada ka ɗauki baƙo a ɓoye. Ku gama ciniki tun a gindin dutse: kwana nawa, nawa a rana, wa zai ciyar da wa, naira ce ko sefa. Magana tun ran tubani ta fi rigima a tsakiyar daji.

In ka amsa, amana ce a wuyanka. Duk mita 1,000 da aka hau, zafi kan ragu da kamar digiri 6, don haka wanda ya baro Jalingo yana gumi zai iya kwana yana karkarwa a sama. Ka tabbata yana da bargo da rigar sanyi. A tashi da sassafe, a yada zango kafin magariba. In hazo ya rufe, a tsaya, kada a yi ta lalube a bakin kwari. A tafasa ruwan rafi kafin ya sha, cikinsa ba irin naka ba ne. Sannan kada ka tsallaka da shi Kamaru don hanyar ta fi sauƙi. Kai an san ka a ɓangarorin biyu, shi kuwa in ba takarda, ku biyu za a tsare.

Yanzu ga maganar da ta fi nauyi. Dokar gandun daji ta hana farauta da sare itace da kiwo a cikin gandun. Amma an keɓe wasu wurare, irin su Cabbal Hendu da Filinga da Sabere, inda mazauna ke da damar zama su yi kiwo. Iyayenmu sun hau tudun nan ne don ciyawa da sanyi, da gudun tsando mai kawo sammore, kuma an san da haka. Wanda ya kora shanu waje da inda aka keɓe, ko ya shigo da su daga ƙetare ba izini, to yana iya gamuwa da kamu da tara. Kafin ka tashi mashekari, ka tambayi arɗo ko ma'aikatan gandun inda iyakar take.

Sai batun wuta. Kurmin da ke cikin kwaruruwan dutse shi ke riƙe ruwan damina, yana sakinsa kaɗan-kaɗan har ƙarshen rani. Ruwan nan shi ke gangarawa Mayo Kam, ya shiga kogin Taraba, ya faɗa Binuwai. Wutar da aka saka a makare, bayan ciyawa ta bushe ƙayau, ba ta tsayawa a fili, cikin kurmi take kutsawa. Kurmi in ya ƙone, baƙo dai zai canja wurin yawo ne kawai. Kai ne za ka tsaya da garke a bakin busasshen rafi a watan Maris.

Saboda haka in kun kwana a dutse, kai da baƙo ko kai da shanunka, a kashe wuta da ruwa ko ƙasa kafin a tashi, a kwashe leda da gwangwani, don saniya na haɗiye leda ta mutu. Allah Ya tsare hanya, Ya ba da ciyawa mai albarka.