Mai Hoton Unguwarmu

Shagonsa jingine yake da nawa a Kilomita Biyar. Da, ranar sallah har layi ake yi a ƙofarsa. Yanzu duk yaron da ya riƙe waya ya zama mai hoto, abokan sana'a kuma sai kushe aikin juna.

Takardar wanke hoto daga Duwala yake sayowa, ta hanyar Garwa-Bulai, iyalinsa ba barci sai ya dawo. Bai manta da Camille Lepage ba, mai hoto 'yar Faransa da aka kashe a yammacin ƙasar nan a 2014.

A gudun hijirar waccan shekarar wayata ta ɓace. Wallahi hoton mahaifiyata ɗaya tak da ya rage mini, shi ya wanke shi. 'Yan uwa, ranar suna ku kira shi, ku biya shi haƙƙinsa.