Karatun Akanta: Abin da Ake Faɗa da Abin da Yake Gaskiya

Duk shekara idan JAMB ta buɗe sayar da fom, sai maganganu su yi yawa a gidaje da majalisu kan kwas ɗin da ya kamata yaro ya cike. Wanda ya ce yana son zama akanta yakan sha shawarwari iri-iri, wasu daidai, wasu kuwa ji-ta-ji-ta ce da ta daɗe tana yawo har ta zauna kamar gaskiya. Abin da ya fi damuna shi ne yawancinsu kan sa yaro ya yi asarar shekaru ko kuɗin iyayensa, alhali tambaya ɗaya tak da ta isa ta kare shi.

Mafi girma a cikinsu ita ce wai da zarar ka kammala digiri a fannin akanta, ka zama ƙwararren akanta. Ba haka ba ne. Jami'a digiri take bayarwa, shaidar ƙwarewa kuwa tana hannun ƙungiyoyin da doka ta ɗora wa wannan aiki. A Nijeriya guda biyu ne: ICAN, wadda dokar majalisa ta kafa a 1965, da ANAN, wadda aka kafa a 1979 ta kuma samu amincewar doka a 1993. Sai ka ci jarrabawarsu, ka yi shekarun koyon aiki a ƙarƙashin ƙwararru, sannan za ka liƙa ACA ko CNA a bayan sunanka. Mai digiri kaɗai zai iya samun aiki a ofishin kuɗi, amma ba zai sa hannu a rahoton binciken kuɗin kamfani a matsayin odita ba. Marigayi Akintola Williams ma, wanda ya fara zama ƙwararren akanta a ƙasar nan, ya samu digirinsa na kasuwanci daga Jami'ar Landan a 1946, amma sai a 1949 ya samu shaidar ƙwarewa.

Daga nan ne wata maganar ta samo asali, wai ai duk sashen akanta ɗaya ne, tunda a ƙarshe kowa sai ya zauna jarrabawar ICAN. A nan ne yara suka fi cutuwa. Tantancewa iri biyu ce, kuma mutane kan haɗa su wuri guda. Akwai ta hukumar NUC ga jami'o'i, ko NBTE ga kwalejojin kimiyya da fasaha, wadda ita ce ke sa takardarka ta karɓu har a tura ka bautar ƙasa. Akwai kuma ta ICAN, wadda ke zuwa ta duba malaman sashen da manhajarsa da ɗakin karatunsa. Jarrabawar ICAN matakai uku ce, kuma wanda ya fito daga sashen da ta tantance akan yafe masa darussa da dama, ya fara daga gaba. Wanda sashensu bai samu wannan tantancewa ba, abin da za a yafe masa kaɗan ne. Wasu makarantun ma suna da yarjejeniya ta musamman da ICAN, inda ake cusa manhajarta a cikin karatun digiri, ɗalibansu su samu rangwame fiye da na kowa. Kowane darasi da aka yafe maka watanni ne na karatu da ka huta, ko da yake yafewar ma akwai kuɗin da ake biya.

Don haka kafin ka zaɓi Jami'ar Ahmadu Bello ko Bayero ko Usmanu Ɗanfodiyo ko wata jami'ar jiha, ka tambayi sashen kai tsaye: ICAN ta tantance ku, kuma tantancewar tana nan da ranta? Ka kuma duba jerin da ICAN ke fitarwa a shafinta na intanet. Tantancewa tana da wa'adi, tana ƙarewa. Abin da yayanka ya tarar shekara 10 da suka wuce ba lallai ne shi za ka tarar ba.

Ana kuma cewa wanda bai karanta akanta ba, ƙofa ta rufe masa. Wannan ƙarya ce. ICAN na karɓar mai digiri ko HND a kowane fanni, ko injiniya ne ko malamin tarihi, sai dai zai fara daga matakin farko. ANAN ce ta fi karkata ga waɗanda suka karanta akanta, kuma hanyarta ta bi ta kwalejinta da ke Kwall kusa da Jos. Saboda haka yaron da JAMB ta jefa shi tsimi da tanadi ko harkokin kasuwanci ba shi da dalilin zaman gida shekara guda yana jiran akanta.

Maganar cewa mai HND bai kai mai digiri ba kuwa rabinta gaskiya ne. An daɗe ana bambanta mai HND da mai digiri wajen ɗaukar aiki da ƙarin girma, musamman a aikin gwamnati. Amma a zauren jarrabawar ƙwarewa, ɗan Kaduna Polytechnic da ɗan jami'a takarda ɗaya suke amsawa, kuma ACA ɗin da za su samu iri ɗaya ne.

Lissafi fa? Kiredit a lissafi da Turanci wajibi ne, babu wanda zai ɗauke maka shi, kuma a JAMB za ka rubuta lissafi da tsimi da tanadi. Sai dai lissafin akanta ba irin na injiniya ba ne. Abin da ya fi kayar da ɗalibai shi ne karanta doguwar tambaya da Turanci, da fahimtar dokar haraji da ta kamfanoni, da rubuta amsa a tsare. Yaranmu da yawa sun iya lissafin, Turancin ne ke yi musu ƙafar ungulu, kuma gyaransa tun daga sakandare ake fara shi.

Akwai wata magana da ba a cika yin ta a fili ba, amma tana hana iyaye da dama amincewa: wai aikin akanta rubuta riba ne, saboda haka haramun ne. Damuwar tana da tushe, domin hadisi ya yi gargaɗi mai tsanani ga mai rubuta kuɗin ruwa, kuma hukuncin aiki a bankin da ke mu'amala da shi na malamai ne. Amma a yi wa fannin gaba ɗaya kuɗin goro kuskure ne. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi. Asibiti na buƙatar akanta, haka makaranta da masana'anta da hukumar zakka. Bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, kuma akwai hukumar AAOIFI a Bahrain da ke tsara ƙa'idojin akanta na cibiyoyin kuɗin Musulunci. Jami'ar Bayero ma tana da cibiya ta musamman kan wannan fanni.

Ga wanda bai samu gurbi bana ba, akwai hanyar da ba ta yi suna a Arewa yadda ya kamata ba, wato ATSWA. Jarrabawa ce mai kashi uku da ICAN ke gudanarwa, kuma da kiredit biyar na WAEC ko NECO, har da Turanci da lissafi, ake shiga. Wanda ya kammala ta akan yafe masa matakin farko na babbar jarrabawar, kuma jami'o'i da dama na karɓar ta don shiga aji biyu kai tsaye. Ɗalibin da ke cikin jami'a ma zai iya haɗa ta da karatunsa tun daga ajin farko.