Tafinta da Tangarɗa a Harshen Kwamfuta

Ɗalibin da ke koyon rubuta manhaja a Kwalejin Hussaini Adamu ta Kazaure ba ya yi wa na'ura magana kai tsaye. Yakan rubuta umarninsa ne da wani harshe, kamar Java ko C++, sa'an nan wata manhaja da ake kira kamfaila, wato tafinta, ta juya shi zuwa lambobin da na'ura take ganewa. To, amma sau da yawa umarni kan ci karo da abin da ba a zata ba, alal misali a ce a raba lamba da sifiri, ko a buɗe fayil ɗin da babu shi. Wannan ita ce tangarɗa.

Wanda ya san tsarin sarauta ba zai sha wuyar fahimtar abin da ke biyo baya ba. Idan rikicin gona ya gagari mai unguwa a ƙasar Roni ko Gwiwa, sai ya miƙa shi ga dagaci, dagaci ga hakimi, hakimi kuwa ga fadar Sarkin Kazaure. Haka sassan manhaja suke. Sashen da tangarɗa ta faɗa wa, in ba a yi masa tanadi ba, sai ya mayar da ita ga sashen da ya sa shi aiki, har a kai ga mai iya warware ta. Tafinta shi ke shata wannan hanya tun kafin a soma aiki. Tsohuwar dabara ita ce a yi rajistar mai tarbar tangarɗa duk sa'ad da aka shiga sashensa, abin da ke cin lokaci ko da lafiya lau aka wuce. Tafintocin C++ na yanzu galibi jadawali suke ajiyewa a gefe, ba a duba shi sai ranar da ta ɓaci, kuma lalle wannan ya fi dacewa.

Sai dai tafinta ba ya yanke hukunci, wannan na marubucin manhaja ne. Ranar 4 ga Yuni, 1996, rokar Turai mai suna Ariane 5 ta tarwatse kimanin daƙiƙa 40 da tashinta. Manhajarta, wadda aka rubuta da harshen Ada, ta yi ƙoƙarin cusa wata lamba a gurbin da ya yi mata kaɗan. Tangarɗa ta tashi, ba mai tarbarta, ƙa'idar da aka shimfiɗa kuwa ita ce na'urar ta tsaya. Na'urar ko-ta-kwana ma, da yake manhajarsu ɗaya, ta riga ta tsaya saboda wannan dalili.