Occupy Wall Street

Occupy Wall Street zanga-zangar zaman dirshan ce ta adawa da tsarin jari-hujja, wadda aka fara ranar 17 ga Satumba, 2011, a dandalin Zuccotti da ke birnin New York, Amurka. Cikin waɗanda suka tsara ta akwai masu aƙidar zaman al'umma ba gwamnati, irin su masani David Graeber, shi ya sa ba a naɗa mata shugaba ba. A babban taro ake yanke shawara, kuma sai kusan kowa ya amince, abin da kan ci lokaci sosai. Da yake doka ta hana amfani da lasifika ba izini, jama'a kan maimaita kalaman mai jawabi da ƙarfi domin na nesa su ji. 'Yan sanda sun tashi sansanin ranar 15 ga Nuwamba, 2011.