KALASINGA: Labarin Mutanen Panjab Masu Rawani A Ƙasar Kenya

A ƙasar Kenya da maƙwabtanta, in an ga mutum mai cikakken gemu da rawani a naɗe tsaf, da mundayen ƙarfe a hannunsa na dama, ba a tsayawa tambayar ko wane iri ne, sai a ce ga Kalasinga. Da wannan suna masu jin Suwahili suka san mabiya addinin Sikh, waɗanda kakanninsu suka ƙetaro teku daga ƙasar Panjab. Ana cewa sunan ya samo asali daga wani ɗan kasuwa, Kala Singh, wanda ya yi fatauci cikin ƙasar Masai tun farkon zuwan mutanensa, har sunansa ya bi dukan danginsa. Ba su taɓa yin yawa ba, gama ko a ƙidayar 1962, sa'ad da Indiyawan Kenya suka kai wajen 176,000, su kaɗan suka ɗara 20,000. Amma muna ganin labarinsu ya isa a ba masu karatu, domin a cikinsa akwai tambayar da ke bin kowane baƙo da ya daɗe a ƙasar wani, watau yaushe ne zai zama ɗan gari.

ASALINSU DA ADDININSU

Ma'anar Panjab ita ce ƙasar koguna biyar. Ingilishi suka ci ta a 1849, sa'an nan a 1947 aka tsaga ta biyu, rabi ga Indiya rabi ga Pakistan. A wani ƙauye yamma da Lahore aka haifi Guru Nanak a 1469. Guru shi ne malami, Sikh kuwa almajiri. Abin da ya koyar bai da wuyar faɗi: Ubangiji ɗaya ne, ba a yi masa gunki, mutum ya riƙa ambatonsa, ya ci guminsa, ya kuma raba abin da ya samu da waɗansu. Ya ƙi yarda da al'adar Indiya ta kasa mutane daraja daraja tun daga haihuwa. Malamai tara suka gaje shi bi da bi.

Na goma, Guru Gobind Singh, shi ya ba su kamannin da aka san su da su. A 1699 ya kafa ƙungiyar Khalsa, ya ɗora wa duk wanda ya shiga abubuwa biyar: kada ya aske gashinsa, ya riƙe matajin katako, ya sa mundayen ƙarfe, ya sa gajeren wando a ciki, ya rataya 'yar wuƙa. Ya hana su taba. Maza suka ɗauki sunan Singh, watau zaki, mata kuwa Kaur. Kafin ya rasu a 1708 ya ce ba sauran wani Guru cikin 'yan Adam, littafinsu shi ne zai zama Guru har abada. Littafin nan, Guru Granth Sahib, shafi 1,430 ne, da baƙaƙen Gurmukhi aka rubuta shi, duk waƙe ne da ake rerawa. Masu karatu za su so su ji cewa a cikinsa har da baitocin Shehu Farid, wani Basufen Musulmi na Panjab wanda ya riga Nanak da shekaru masu yawa. Duk da haka addini ne mai zaman kansa, kuma ba su jin daɗi in an ce su reshen Hindu ne ko na Musulunci.

HANYAR JIRGI

Abin da ya jawo su Afirka ta Gabas shi ne hanyar jirgin ƙasa. A 1896 Ingilishi suka soma shimfiɗa dogo daga Mombasa, a ƙarshen 1901 ya isa Kisumu a bakin Tafkin Biktoriya, tafiyar mil 580 da 'yan kai. Aka ɗebo ma'aikata 31,983 daga Indiya, galibinsu mutanen Panjab, Musulmi da Sikh da Hindu, bisa yarjejeniyar shekara uku uku. Zazzaɓi da atuni da ƙishirwar jeji suka yi musu ɓarna, mutum 2,493 suka mutu a bakin aiki. A 1898 kuma, wajen ginin gadar kogin Tsavo, zakoki biyu suka addabi sansani, suna shiga tanti da dare suna jan mutane, har aiki ya tsaya. Cikin waɗanda suka fara halaka akwai wani shugaban leburori ɗan Sikh, Ungan Singh. Sai a watan Disamba injiniyan gadar, Patterson, ya harbe su.

Da aka gama aiki yawancinsu suka koma gida, 6,724 kaɗai suka zauna. A nan ne mutane da yawa ke kuskure, suna zaton duk Indiyawan Kenya jikokin leburorin nan ne. Mafi yawansu daga baya suka zo da kuɗin jirginsu, wa ya kira ƙane, kawu ya kira ɗan 'yar'uwa, har gida ya cika.

Yawancin Kalasinga daga dangin Ramgarhia suke, watau zuriyar kafintoci da maƙera da magina, masu alfahari da sunan wani jarumin Panjab, Jassa Singh Ramgarhia. A gida manoma masu ƙasa, waɗanda a ke kira Jat, ba su ɗauke su a bakin kome ba. A Afirka sai al'amari ya juye, gama ƙasar da a ke gina ta sabuwa mai guduma da zarto take nema. Su ne fitocin reluwe da direbobin jirgi, su ne masu injin tsaga katako, daga baya su ne makanikai da 'yan kwangilar gini. Waɗansu suka shiga aikin ɗan sanda, waɗansu kuma suka yi noman rake a Kibos kusa da Kisumu. Yaran Afirka da yawa a garejinsu suka koyi sana'a, ko da yake ba kowane maigida ne ya riƙe yaransa da adalci ba.

ƊAKIN IBADA DA TUKUNYA

Inda duk suka taru, abin da suke fara ginawa shi ne gurdwara, ɗakin ibadarsu, da tuta ruwan goro a kan doguwar sanda. Mai shiga zai tuɓe takalmi, ya rufe kansa, ya rusuna gaban littafin da ke kan karaga, sa'an nan ya zauna a ƙasa. Ba su da wata ranar mako da addini ya keɓe, amma a Kenya Lahadi ta zama ranar taro domin ita ce ranar hutu. A kan rera waƙoƙin littafin da kiɗa, a ƙarshe a raba wa kowa wani ɗan alewa mai ɗumi na garin alkama da sukari da man shanu. In biki ya zo ko rasuwa, sai a yi saukar littafin duka ba tsayawa, masu karatu suna karɓar juna dare da rana har sa'a 48. Ango da amarya kuwa sau huɗu suke kewaya littafin, shi ke nan aure ya ɗauru.

Amma abin da ya fi shiga ran maƙwabtansu shi ne langar, watau ɗakin girki na kowa da kowa. Ko wane gurdwara yana da shi. Ana zama sahu sahu, attajiri kusa da lebura, a ci waina ta alkama da miyar wake da ganye, ba a sa nama domin kada wani ya ƙi ci, ba a kuma tambayar baƙo addininsa ko kuɗinsa. Masu girki da masu wanke kwanoni duk aikin lada suke yi, ka ga mai manyan motoci ya naɗe hannun riga yana sharar tsakar gida.

Wanda ya fi suna shi ne na Makindu, wajen mil 100 daga Nairobi a kan hanyar Mombasa. Makindu babbar tasha ce a zamanin jirgin gawayi, a 1926 ma'aikatan reluwe suka gina ɗakin ibada a wurin. Tashar ta rage daraja, ma'aikatan suka watse, amma tukunyar ba ta sauka ba. Har yanzu direbobin manyan motoci da matafiya na kowace kabila suna yada zango a can, su ci su sha, mai son kwana a ba shi ɗaki, in ya ga dama ya jefa abin da ya sawwaƙa cikin akwati.

Sai dai fa ba za mu ɓoye wani abu ba. Bambancin dangi da Guru Nanak ya yi wa'azi a kansa ya biyo su cikin jirgin ruwa. A Nairobi da waɗansu garuruwa Ramgarhia suna da ɗakin ibadarsu, 'yan Singh Sabha suna da nasu, aure kuma da wuya ya ƙetare tsakani, balle a ce da 'yan ƙasa. Mutumin da ya buɗe maka ƙofar ɗakin girki bai cika buɗe maka ta zauren gidansa ba, 'yan Afirka kuwa sun lura da haka.

TSAKANIN BATURE DA ƊAN ƘASA

Mulkin mallaka ya jera mutanen Kenya hawa uku, Turawa a sama, Indiyawa a tsakiya, 'yan ƙasa a ƙasa, kowa da unguwarsa da makarantarsa da albashinsa. An hana Indiyawa gonakin tuddai masu ni'ima, amma an fifita su bisa masu ƙasar. Da yawa suka karɓi wannan matsayi suka yi shiru.

Makhan Singh bai yi shiru ba. An haife shi a 1913 a gundumar Gujranwala, ya zo Nairobi a 1927, ya yi aiki a maɗaba'ar mahaifinsa. A 1935 ya zama sakataren ƙungiyar ƙwadago, ya dage a buɗe ta ga ma'aikaci na kowane launi. A 1949 shi da Fred Kubai suka haɗa ƙungiyoyin ƙwadago wuri ɗaya, a 1950 kuwa ya miƙe gaban taro a Nairobi ya nemi a ba ƙasar mulkin kai nan take. Gwamnati ta kama shi, ta tsare shi shekara 11 a wurare masu nisa irin su Lokitaung da Maralal, sai a 1961 aka sake shi. Da mulkin kai ya samu ba a ba shi wani muƙami ba, ya rasu a 1973. A ganinmu Kenya ba ta biya wannan mutum hakkinsa ba.

Ta fannin wasanni kuwa sun ɗaga sunan ƙasar. Joginder Singh, haifaffen Kericho, ya ci tseren motoci na Safari a 1965 tare da ɗan'uwansa Jaswant cikin wata tsohuwar Volvo, shi ne na farko wanda ba Bature ba da ya ci, ya kuma sake ci a 1974 da 1976. A wasan ƙwallon gora da a ke kira hoki, Avtar Singh Sohal ya je wasannin Olimfik sau huɗu daga 1960 zuwa 1972, Kenya kuma ta zo ta huɗu a gasar duniya ta 1971.

ƘAURA TA BIYU

Hausawa sun ce baƙo raɓa, ɗan gari kaba. Da Kenya ta sami mulkin kai a watan Disamba 1963, aka ba baƙi shekara biyu su zaɓa, ko takardar zama ɗan ƙasa ko fasfon Ingila. Da yawa suka riƙe na Ingila don tsoron abin da gobe za ta haifar, shugabannin ƙasa kuwa suka ɗauki wannan alamar rashin amana. A 1967 aka yi dokokin da suka ƙuntata wa wanda ba ɗan ƙasa ba aiki da ciniki. Da suka fara kwarara Ingila, sai majalisar can ta yi gaggawar kafa doka a 1968 ta taƙaita shigarsu, ga fasfo a hannu ga ƙofa a rufe, waɗansu suka zama ba su ga tsuntsu ba su ga tarko. A Yuganda abin ya fi muni, gama a watan Agusta 1972 Idi Amin ya ba Indiyawa kwana 90 su fice. Kafin 1979 Indiyawan Kenya sun ragu zuwa wajen 78,000.

Waɗanda suka zauna suka ci gaba da garejinsu da masana'antunsu, suna riƙe da makarantu da asibiti da ɗakunan ibada, akwai ma wani ƙasaitacce a Kericho. Damuwar dattawansu ita ce yaran da Turanci da Suwahili suka fi Panjabi sauƙi a bakinsu, shi ya sa a kan koyar da baƙaƙen Gurmukhi a gurdwara. A 2017 Shugaba Uhuru Kenyatta ya sanar cewa an karɓi Indiyawan Kenya a matsayin kabila ta 44 ta ƙasar, shekara 121 bayan an kafa ƙarfen dogo na farko a Mombasa.

Waɗanda suka tafi suka zauna a Southall ta Landan, da Birmingham, da Leeds, waɗansu suka zarce Kanada. Sun isa da Turanci a baki da sana'a a hannu, kuma ba su da niyyar komawa Panjab, ƙasar da da yawansu ba su taɓa gani ba. Wata masaniya daga cikinsu, Parminder Bhachu, ta rubuta littafi a kansu a 1985, ta kira su masu ƙaura sau biyu. A can ana gane su da naɗin rawaninsu mai sitati da tsini a goshi, wanda a ke kira naɗin Kenya. In an shiga gidajensu kuma za a ji tsofaffi suna kiran tukunya sufuriya, gyaɗa jugu, soyayyen rogo kuwa mogo, duk daga Suwahili.